Farautar Zabon Daji Da Tuje A Ƙasar Ɗanwarai

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicci tsuntsaye, ya ba kowane iri launinsa da kukansa da wurin kwanansa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, wannan bayani ne a kan farautar manyan tsuntsayen dawa a ƙasar Ɗanwarai da kewayenta, da labaru uku waɗanda maharba ba su manta da su ba, da abin da shari'a ta ce a cikin kowane ɗaya.

Ƙasa da lokaci

Ɗanwarai tana cikin Ƙaramar Hukumar Aliero, a ƙasar Gwandu, cikin Jihar Kebbi wadda aka cire daga Jihar Sakkwato a shekarar 1991. Wanda ya biyo babbar hanya daga Sakkwato ya wuce Tambuwal, sai ya iske Aliero, garin albasa da masu ɗori. Gaba kaɗan sai Jega, mai babbar kasuwa a bakin Gulbin Zamfara. In ya ƙetare ya nausa kudu, sai Maiyama. A tsakanin waɗannan garuruwa akwai tudu mai sabara da geza da kalgo, akwai kuma fadama mai tsamiya da kanya da giginya. Tudu shi ne wurin kiwon tsuntsaye, manyan itatuwa su ne wurin kwanansu, fadama kuwa ita ce mashayarsu.

Farauta tana da lokacinta. Sai an yanke gero da dawa an kai rumbu, hunturu ya buso, ciyawa ta bushe, sa'an nan maharbi yakan sauko da kayansa daga rataya. Daga nan har bazara daji nasa ne. Da zarar hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai ya mai da kwari da baka ko bindiga mazauninsu, ya ɗauki hauya. Haka magabata suka bar al'adar.

Tsuntsaye biyu

Na farko zabon daji. Kowa ya san zanensa, amma ba kowa ya san wayonsa ba. Da rani zabi suna tafiya garke garke, su sauko daga itace da asuba, su yi kiwo, su nufi ruwa, da almuru su koma itacen da suka saba. Guda ɗaya in ya hango mutum ya yi ƙara, duk garken ya watse da gudu, gama zabo ya fi dogara ga ƙafa bisa ga fiffike. Nauyinsa bai cika wuce kilo ɗaya da rabi ba. Da faɗuwar damina garke yakan rabu biyu biyu, zabuwa ta tona ɗan rami a cikin ciyawa ta zuba ƙwai, ta kwanta a kansu kamar mako huɗu.

Na biyu tuje, sarkin tsuntsayen fili. Dogon wuya gare shi da dogayen ƙafafu, namiji yakan kai kilo 9 ko 10. Ba ya kwana bisa itace, ba ya son duhuwa, sai sarari inda zai hangi abin da ke zuwa tun daga nesa. Macen ƙwai ɗaya ko biyu kaɗai take yi, a kan ƙasa. Turawa sun laƙaba wa wannan tsuntsu sunan Dixon Denham, Baturen da ya iso Kukawa ta Barno a shekarar 1823 tare da Kilafatan, wanda shi kuma ya zo Sakkwato a 1824 ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. In namijin tuje yana neman mace, sai ya kumbura maƙogwaro ya yi fari fat, yana taƙama kamar talotalo.

Shi talotalo ba tsuntsun dajin Afirka ba ne. Asalinsa ƙasar Amurka da Meziko, inda har yau ake farautar na dajinsa. Mutanen Sifen ne suka kai shi Turai a farkon ƙarni na 16, Turawan da suka fara ganinsa kuwa suka ɗauka wani irin zabo ne, har masanansu suka ba shi sunan da Girkawan dā suke kiran zabo da shi. Saboda haka a ƙasar Hausa zabo shi ne ɗan'uwan talotalon daji wajen hali, tuje kuwa wajen girma.

Labarin tujen da ya kwana

Ana ba da labarin wani tsohon maharbi na wajen Ɗanwarai wanda ya hangi tuje a wani fako, a shekarar da abinci ya yi wuya. Bindigar toka ba ta cin nesa, tuje kuwa ba ya barin mutum ya matso. Rana ta farko tsoho ya bi shi a tsaye yana fakewa da sabara, tsuntsu ya yi ta tafiya a hankali, tazara ba ta ragu ba har magariba. Rana ta biyu ya yi kwanto kusa da inda ya ga sawu, tuje ya sauya hanya. Rana ta uku sai ya ɗauko burtu.

Burtun maharba kan itace ne da aka sassaƙa da siffar tsuntsun nan burtu, aka lulluɓe da baƙar fata. Maharbi ya ɗaura shi a goshi, ya yafa baƙin zane, ya durƙusa yana rarrafe, yana kaɗa kai yana saran ƙasa kamar mai kiwo. Namun daji sun saba da burtu, ba su gudunsa. Tsoho ya bar rana a bayansa domin ta haske idon tsuntsu, gama tsuntsu da ido yake tsaro, ba da hanci ba kamar barewa. Tun azahar yake rarrafe a kan tsakuwa da ƙaya, bai samu kusanta ba sai la'asar sakaliya. Ya ambaci sunan Allah, ya harba. Tuje ya yi tangaɗi, ya yi gudu, ya tashi da ƙyar ya faɗa bayan wani tudu. Tsoho ya bi har duhu ya hana shi ganin sawu, ya koma gida da gwiwoyi duk jini. Ya gaya wa iyali a daka yaji.

Da hantsi ya tsinci tuje matacce a gindin geza. Bai kai shi gida ba, sai ya saɓa shi ya nufi zauren malamin unguwa, ya yi sallama ya ajiye.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, wanga tuje jiya na harbe shi da bisimilla, dare ya raba mu, yau na tsince shi. Shin ya halatta?"

Malam ya ce, "Baba, ka ga faɗuwarsa?"

Ya ce, "Ban gani ba."

Malam ya sa aka juya tsuntsu, aka duba. Harsashi a cinya ya shiga, ba a makasa ba, ga kuma alamar haƙori a wuya. Malam ya yi shiru, gama ya san halin da gidan tsoho yake ciki. Sa'an nan ya ce, "Baba, abin da ya shahara a mazhabar Imamu Malik shi ne, naman farauta in ya ɓace wa maharbi har ya kwana, aka same shi matacce, ba a cinsa, domin dare yana da nasa maharba, ba a san wanda ya ƙarasa shi ba. Waɗansu malamai sun sassauta in an iske kibiya ta huda makasa. Naka kuwa ga shi a cinya, ga haƙorin dila a wuya. Ka yi haƙuri."

Tsoho ya ce, "Malam, kwana ukuna ke nan."

Malam ya ce, "Allah ya ga kwana ukunka."

Tsoho ya ja tuje bayan gari ya bar wa karnuka. Gashin fiffike guda kaɗai ya cire, ya soke a jinkar ɗakinsa. A daren nan da miyar kuka aka ci tuwo. Maharbin ya kashe namu da yawa a rayuwarsa waɗanda ba wanda ya riƙe lissafinsu, amma wannan da bai ci ba shi ake faɗi har yanzu.

Labarin zabin tsohuwa

Na biyu ya faru ne a wani ƙauye tsakanin Jega da Maiyama. Wani saurayi ya ari bindiga, ya fita da abokinsa da yamma. A gefen wata saura suka iske garken zabi suna tsince-tsince. Bai tsaya dubawa ba ya saki wuta, uku suka faɗi, kafin su iso duk sun mutu. Da suka ɗaga, sai suka ga biyu suna da farin ƙirji, an kuma yanke musu yatsa guda, watau shaidar mai su. Zabin gida suna kiwo nesa, sukan cuɗanya da na daji. Waɗannan na wata tsohuwa ne wadda mijinta ya rasu, da kuɗin ƙwansu take sayen gishiri da daddawa.

Abokin ya ce a fige su nan take, a binne ƙafafu, ba mai sani. Saurayi ya tsaya yana jujjuya maganar, sa'an nan ya ce wanda ya ga fitarsu ya ga abin da suka harba. Ya ɗauki zabin ya tafi ƙofar tsohuwa.

Ya ce, "Inna, na yi miki ɓarna. Na ɗauka na daji ne."

Ta duba ƙafafun, ta ce, "Ɗana, waɗannan su ne masu yi mini ƙwai."

Aka je gaban mai gari, aka kira liman. Liman ya bayyana cewa abu biyu ne suka haɗu. Na ɗaya, dukiyar mutum in an halaka ta, ko da gangan ko da kuskure, sai an biya. Kuskure yana ɗauke zunubi, ba ya ɗauke ramuwa. Na biyu, harbi yana tsayawa a matsayin yanka ne ga naman daji wanda ba a iya kama shi sai da wahala. Zabon da ake watsa wa tsaba ya zo da kansa, hukuncinsa yanka, in ya mutu da harbi ya zama mushe. Ashe saurayi ba nama, ga bashi. Ya yi ƙodago a fadamar albasa har ya haɗa kuɗin zabi biyu ya kai wa tsohuwa. Tun daga ran nan ba ya harbi sai ya ga ƙirji da ƙafa. Hausawa sun ce garaje ba ƙarfi ba ne.

Labarin ƙwai goma sha uku

Na uku da damina ne, lokacin da ba a farauta. Almajirai suna noma a gonar malaminsu, sai wani kolo ya ɗaga reshen sabara, zabuwa ta tashi fir, ga ƙwai 13 a rami. Yara suka yi ca, gardi ya cire hula zai kwashe. Wani maharbi da ke noma a gonar maƙwabta ya jiyo hayaniya ya zo.

Ya ce, "Samari, ku dakata. In kun kwashe, yau da dare kun cinye, gobe ba ko ɓawo. In kun bari, da kaka garke ne."

Gardi ya ce, "Baba, ai ƙwan zabo ba haram ba ne."

Maharbi ya ce, "Ban ce haram ba ne. Ku tambayi Malam."

Da aka kai magana, Malam ya ce lalle ƙwan halal ne, amma maharbi ya fi su gaskiya. Ya tuna musu da hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, inda sahabbai a wata tafiya suka ɗauke 'ya'yan wata ƙaramar tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana shimfiɗa fukafukai, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umurni a mayar mata da su. Ya kuma tuna musu cewa Suratul An'ami ta nuna tsuntsaye al'ummomi ne kamar mutane. Aka bar wurin ba a nome ba, faɗin tabarma guda. Bayan kwanaki suka iske ɓawo a fashe, uwa ta tafi da 'ya'yanta. Raɓa da shaho da muzuru sun ɗauki rabonsu, kamar yadda suka saba, amma da aka zo yankan gero an ƙirga matasan zabi 7 suna bin manya biyu a gefen gonar.

Sharuɗɗan farauta

Mai karatu ya sani cewa malamai ba su bar wannan babi a buɗe ba. Suratul Ma'ida ta halatta abin da dabbar farauta horarriya ta kamo in an ambaci sunan Allah, ta kuma hana farautar tudu ga wanda ke cikin harami. Risala ta Ibnu Abi Zaidi na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekarar 386 ta Hijira, daidai da 996, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar nan, ta bambanta farautar neman abinci da farautar wasa: ta farko halal, ta biyu makaruhi.

Ana son maharbi ya yi niyya, ya ambaci sunan Allah lokacin saki. Ana son makami ya huda ya fid da jini. Saboda haka tsuntsun da aka jefa da kere, ko aka harba da dutsen gwafa, ko ya faɗa tarko, in ya mutu kafin a sa masa wuƙa, mushe ne. In an riske shi da cikakken rai aka yanka, ya halatta. Wanda aka harba da kibiya mai dafi, aka rasa sanin ko ƙarfe ne ya kashe shi ko dafi, Muhtasar na Shaihu Halilu ya sa shi cikin waɗanda ba a ci. Bindiga kuwa ba ta zo ba sai bayan zamanin magabata, malamai suka yi saɓani a kanta, malaman Fas suka ba da fatawar halacci domin harsashi yana huda yana zubar da jini, a kan haka jama'a suke aiki. Duk wanda ya iske abin da ya harba da sauran rai, yana kuma da ikon yankawa, ya yi sakaci har ya mutu, ya ɓata shi. Don haka ne maharbin kirki ba ya rabuwa da wuƙa mai kaifi a kugu, ba a can ƙasan burgami ba.

Abin da ya sauya

Dattawan Aliero da Jega da Maiyama sun yi ittifaƙi cewa dajin yau ba na jiya ba ne. Zabon daji ya ja baya, tuje kuwa yaro yakan girma ya yi aure bai taɓa ganinsa ba. Dalilai a fili suke. Jama'a ta ƙaru, saura ta zama gona, ba a barin ƙasa ta huta. Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa, gatarin masu itace da gawayi ya bi saura. Ana cinna wa daji wuta domin ɓera da zomo, ta cinye mafaka. Waɗansu suna zuwa da fitila mai ƙarfi da dare su haske zabi a kan itacen kwanansu, su kakkaɓe garke duka. Mafi muni su ne masu jiƙa tsaba da maganin ƙwari su watsa a bakin ruwa, su tsince gawa su kai kasuwa. Wannan mushe ne, guba ce ga mai ci, ha'inci ne ga mai saye, ba ya cikin farauta ko ta wace fuska.

Dokoki kuwa ba su yi ƙaranci ba. Turawan mulki sun kafa dokar kare namun daji a 1916. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata a 1963, zamanin Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello. Gwamnatin Tarayya ta ƙara wata a 1985 domin namun da ake tsoron ƙarewarsu. Amma takarda tana ofis, tsuntsu yana daji, babu mai tsaronsa a wurin sai wanda ke riƙe da bindiga.

Darasi daga nesa da kusa

Abin da ke faruwa ga zabo da tuje ya taɓa faruwa ga talotalon daji a Amurka. Saran daji da harbi ba iyaka suka rage shi, har masu ƙiyasi suka ce a wajen 1930 saura kamar 30,000 a duk faɗin ƙasar. A 1937 aka kafa doka ta ware harajin da ake karɓa a kan bindigogi da harsashi, kuɗin ya tafi ga gyaran daji. Suka gwada ƙyanƙyasar talotalo a gida suna saki, bai yi ba, domin wanda ya tashi a akurki bai san dila ba. A 1951 suka gane dabarar taru wanda ake harbawa da albarushi ya rufe garke da rai, suka riƙa kwasar na daji suna kai su inda suka ƙare. Suka yanka wa farauta lokaci da adadi. A lokacin da tsuntsayen ke neman juna, namiji kaɗai ake harbi, maharbi ya ɓuya yana kwaikwayon kukan mace har namiji ya zo da kansa, mace kuwa a bar ta ta kwanta a kan ƙwai. Zuwa farkon shekarun 2000 adadin ya kai kamar miliyan 7, ana samunsa a jihohi 49 cikin 50. Maharba ne suka biya kuɗin, su ne kuma suka ci amfanin.

Ba sai an je Amurka ba ma. A nan Argungu, inda aka fara bikin kamun kifi a 1934, ana hana su a Matan Fada sai ranar da aka buɗe, Sarkin Ruwa yana tsaro, jama'a suna biyayya, shi ya sa ake fid da kifin da mutum ɗaya ba ya iya ɗauka. Abin da ya yiwu a ruwa zai yiwu a tudu.

Abin da ake roƙo ga hakimai da masu gari da sarakunan baka na ƙasar Aliero da Jega da Maiyama kaɗan ne. A rufe farautar tsuntsu daga ruwan farko har a gama girbi. A hana fitila a itacen kwana, a hana tsaba mai guba, wanda aka kama a kai shi gaban hukuma. A bar tsamiya da kanyar da aka san zabi suna hawa. A ɗaga wa tuje ƙafa ɗungum har ya dawo, gama mai ƙwai ɗaya ko biyu ba ya jure abin da mai goma yake jurewa. Limamai su faɗi wannan a masallatai, malaman allo su faɗa wa almajirai kafin a fita noma.

Maharban nan uku ba wanda ya tilasta musu. Ɗaya ya bar nama domin shakka, ɗaya ya biya abin da zai iya ɓoyewa, ɗaya ya hana kwasar ƙwan da shi kansa ba zai ci ba. In aka samu irinsu a kowane ƙauye, yaran Ɗanwarai za su ci gaba da jin ƙarar zabi daga fadama lokacin da suke wanke alluna da safe.

Allah ya ba shugabanni ikon tsayar da gaskiya, ya ba maharba haƙuri da halal, ya sa albarka a tudu da fadama. Amin. Haza wasalam.